Abin da ya sa ruta ke ƙin yin shelar da aka aiko daga nesa

Masu kula da kwamfutoci a ma'aikatu sun san wannan matsala. Mutum yana zaune a wani gini, ya aika umarni kwamfutocin ɗaya ginin su tashi, sai ya ji shiru. Sau da yawa rezo lafiya lau yake. Ruta ce, akwatin nan mai haɗa rezo da rezo, ta hana saƙon wucewa, kuma da gangan.

Mu fara da adireshi. A rezon da aka saba gani mai lamba 192.168.1.0, na'ura 254 ke iya samun wuri, daga 1 zuwa 254. Lamba 255 ba ta kowa ba ce, ta shela ce: abin da aka aika wa 192.168.1.255 kowa a rezon zai samu. Akwai kuma 255.255.255.255, shelar cikin gida, wadda ruta ba ta taɓa fitar da ita waje.

To, idan mai aikawa yana wani rezo daban fa? Rutocin da ke kan hanya ba su san shela ba ce, don ba su san girman rezon da saƙon ya nufa ba. Sai su miƙa shi gaba kamar kowace wasiƙa. Ruta ta ƙarshe, wadda ke bakin ƙofar rezon, ita kaɗai ke gane shi. Kamar mai unguwa take: takarda ta zo masa da sunan dukan mutanen unguwa, shi zai ce a ba mai shela ko a'a.

Da, amsar i ce. Ƙa'idar 1995 ta ce ruta ta bar shelar ta wuce sai in an hana ta. Ɓata-gari kuwa suka ga ƙofa. Sai mutum ya aika tambayar nan ta "kana nan?" zuwa adireshin shela, amma ya sa adireshin wanda yake son cuta a matsayin mai aikawa. In kwamfuta 200 ke kunne, amsa 200 za ta faɗa kan bawan Allah da bai tambayi kowa komai ba. A yi ta maimaitawa ta rezo da yawa, layinsa ya toshe ƙurmus. Wannan shi ne harin Smurf, wanda cibiyar CERT ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a Janairun 1998. Abin takaicin, rezon da aka ara ma cushewa yake yi.

A Agustan 1999 ƙungiyar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta juya dokar: ruta ta zo a rufe, mai so ya buɗe da kansa. Cisco ma haka ya yi tun daga tsarinsa na IOS 12.0.

Saura masu son tada kwamfuta. Kwamfutar da ke kashe ba ta amsa adireshinta, katinta na rezo ne kawai ke saurare, shi ya sa ake neman ta da shela. A ganinmu, buɗe ƙofar gaba ɗaya ganganci ne. Gara a buɗe ta a rezon da ake buƙata kaɗai, a rubuta wa ruta adireshin kwamfuta guda da aka yarda ta aiko. In ba haka ba, a bar ƙaramar na'ura ɗaya kunne a cikin ginin, ita ta yi shelar daga ciki.