Yadda Monika ta jira ɗanta Agustin

Kusan kowace ƙungiyar zumuntar ɗalibai Kirista tana da irin wannan labarin. Akwai wanda da shi ne kan gaba wajen waƙa da addu'ar safe, sai aka dawo hutu ya daina zuwa. In an tambaye shi ya ce aiki ya yi yawa, ko ya fito fili ya ce zuciyarsa ba ta yarda da abin da ake koyarwa ba kuma. Abokai sukan yi ɗayan biyu: ko su taso masa da ayoyi har ya fara sauya hanya in ya hango su, ko su zubar da shi. Tarihin ikilisiya yana da wani labari daga nan Afirka da ya nuna wata hanya dabam.

An haifi Agustin a shekara ta 354 a garin Tagas, wanda yau ake kira Suk Aharas a ƙasar Aljeriya. Mahaifiyarsa Monika Kirista ce mai himma, kuma tun yana ƙarami ta koya masa sunan Yesu. Yana ɗan shekara 17 ya tafi karatu birnin Kartaj, a Tunisiya ta yau. Can ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya ga salonsa bai kai na littattafan da ake koya musu a makaranta ba, ya raina shi. Daga nan ya shiga ɗariƙar mabiya Mani, ya yi shekara tara a cikinsu.

Da farko Monika ta hau dokin zuciya, ta hana shi zama a gidanta. Daga baya ta sauko, ta bar shi ya dawo suna cin abinci tare, ko da yake bai sake ra'ayi ba. Ta kuma je wajen wani bishop ta roƙe shi ya kira yaron ya kayar da shi a muhawara. Bishop ɗin ya ƙi. Dalilinsa shi ne Agustin yana cikin ɗokin sabon abu, ba zai saurara ba tukuna, gara ta ci gaba da addu'a ta bar shi ya yi ta karatu har ya gano giɓin da kansa. Kuma ya san abin da yake faɗa, domin shi ma a cikin wannan ɗariƙar ya tashi kafin ya fita. A ganina wannan shawara ta fi yi wa masu himma wuya, domin mun fi son mu ga sakamako a mako guda.

Abin bai zo da sauƙi ba. A 383 Agustin ya yaudari mahaifiyarsa a bakin teku, ya ce rakiyar aboki zai yi, ya shiga jirgi cikin dare ya tafi Roma. Ta yi kuka, amma ba ta yanke zumunci ba. Da ya sami aikin koyarwa a Milan, ta haye teku ta same shi.

A Milan ya haɗu da Bishop Ambros. A littafin da ya rubuta na tarihin rayuwarsa, Agustin ya bayyana cewa abin da ya fara jan hankalinsa shi ne kirkin da mutumin ya nuna masa, ba koyarwarsa ba. Ya riƙa zuwa wa'azi don ya auna iya maganar Ambros kawai, sannu a hankali ma'anar ta shige shi. Wuraren Tsohon Alkawari da ya daɗe yana yi wa ba'a, sai ga wanda ya iya bayyana su. Monika ba ta da ilimin amsa waɗannan tambayoyi, kuma ba ta yi kamar tana da shi ba.

Wannan ya shafe ka kai tsaye. In abokinka ya yi tambayar da ta fi ƙarfinka, kada ka ƙaga amsa, kada kuma ka ce tambayar kanta zunubi ce. Haɗa shi da fasto ko malamin da zai saurare shi ba tare da tsawa ba. Kada ka mai da sirrinsa abin hira a ɗakin kwana da sunan neman addu'a. Sau da yawa ma ba shakka ce ta kori mutum ba, wani ne a majami'a ya ɓata masa rai, ko kunyar wani kuskure ta hana shi shiga mutane. Amma in ka ga alamar shaye-shaye, ko wani na cutar da shi, wannan ba abin jira ba ne, ka gaya wa babba nan da nan. Ka tuna kuma cewa bangaskiya ba a yin ta dole. Ambros bai ja Agustin zuwa ruwan baftisma ba, shi ya kai sunansa da kansa.

An yi masa baftisma a daren Ista na 387, tare da ɗansa da amininsa Alifiyus. A wannan shekarar Monika ta rasu a Ostiya, suna jiran jirgin komawa Afirka, tana da shekara kusan 56. Ba ta ga ranar da ɗan nata ya zama bishop na Hippo ba, garin da yau ake kira Annaba.