Bindigar Gado a Ƙarƙashin Gado

Kwanakin baya aka kira ni shaidar rabon gado a wani gida nan unguwarmu ta Dar es Salam, a Yamai. Marigayin dattijo ne da ya yi farauta a ƙuruciyarsa. Malam na cikin lissafa gida da fili da firji da babur, sai babban ɗan ya shiga ɗaki ya fito da bindiga mai baki biyu naɗe cikin tsohon zane, ya jingine ta a bango, ya ce, "Allah gafarta Malam, a sa wannan ma cikin lissafi."

Ana gardamar jaka nawa za a yi mata kuɗi, wani jikan marigayin da bai wuce shekara bakwai ba ya lallaɓa ya ɗauke ta, ya saita ƙanwarsa, yatsa a kan kunama. Matan gida sai shewa, wai ga magajin Baba. Wani maƙwabci tsohon soja ne ya yi wuf ya karɓe. Da ya buɗe ta, sai ga harsashi a ciki. Ashe shekara da shekaru tana kwance ƙarƙashin gado, a ɗane. Tsakar gida ya yi tsit.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne jin wata na cewa, "Ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Wane tsautsayi? Ka ajiye ɗanannar bindiga inda yara ke ɓuya in suna wasa, sannan ka ɗora wa ƙaddara? Sunan wannan ganganci.

Da na yi wa babban ɗan magana, cewa ya yi, "Ai Baba na da takarda." To, takardar ta Baba ce. Tun 1963 ƙasar nan ke da dokar da ta tsara shigo da bindiga da sayar da ita da riƙe ta, kuma izinin yana hannun ma'aikatar cikin gida. Ana ba da shi ne ga mutum ɗaya, da sunansa, a kan bindiga ɗaya mai lambarta, bayan an binciki halinsa da dalilinsa. Ranar da mai takarda ya kwanta dama, izinin ya bi shi. Ɗa na gadon gona da rawani, amma ba ya gadon izinin bindiga. Duk wanda aka kama da ita ba takarda da sunansa, mai laifi ne a gaban shari'a, ko da kuwa kakansa ne ya saye ta da halalinsa.

Wasu kuma in tsoro ya kama su, sai su yi gyaran gangar Auzinawa. Wannan ya jefa cikin masai, ya manta akwai ranar yasa. Wancan ya ɗauka da dare ya wurga cikin kogin Isa, kamar ruwa ba ya janyewa da rani, kamar masunta ba sa jefa taru. Wani ya kai wa mai walda ya yanka, bai san ko da harsashi a ciki ba. Wani ya zuba tsofaffin harsasai cikin shara, a cinna wa bola wuta su tashi a tsakiyar unguwa. Mafi muni shi ne mai sayarwa a ɓoye. Tun faɗuwar gwamnatin Gaddafi a Libiya a 2011 makamai suka cika yankin Sahel, mun kuwa ga abin da suka haifar a Tilaberi da Difa da kan iyakar Maraɗi. Bindigar da ka sayar yau, ba ka san ƙofar wa za a buga da ita gobe ba. In kuma aka yi ɓarna da ita aka bi lamba, gidanku za a zo.

Lalata makami aikin hukuma ne. Tun 1994 Nijar ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI. A hannun hukuma ana rubuta lambar bindiga da irinta, a yayyanka ta yadda ba mai iya sake haɗa ta, harsasai kuma masana su lalata su daban, nesa da jama'a. Manya ba su manta da Wutar Zaman Lafiya ta Agadas ba, ranar 25 ga Satumba 2000, zamanin Shugaba Tanja Mamadu, inda aka ƙone bindigogi sama da dubu na tsofaffin ƴan tawaye a idon duniya, bayan sulhun 24 ga Afrilu 1995. Mutanen da suka yi yaƙi da bindiga sun miƙa tasu. Kai da ba ka taɓa harbin ko kurciya ba, me kake riƙo?

Saboda haka, in an yi rasuwa kuma kun san mamaci na da bindiga, kada ku jira sadakar arba'in. Ku kulle ɗakin, makulli a hannun babba ɗaya. Kada kowa ya taɓa kunama don gwaji. Kowace bindiga ku ɗauke ta a matsayin ɗananna. Ku nemo takardar marigayi, ku tafi da mai unguwa komisariya ko wajen jandarmomi ku ba da rahoto. Ku je hannu sake, kada ku saɓo bindiga cikin taksi ko bisa kabu-kabu ku faɗa hannun masu sintiri, baki ya kasa bayani. Su za su faɗa muku yadda za a ɗauke ta. In kun miƙa, ku karɓi takardar shaida mai ɗauke da lambar bindigar, ku adana ta tare da takardun gida. Magajin da ke son riƙe ta ya nemi izini da sunansa, ya jira a ba shi tukuna.

Malamai masu rabon gado da masu unguwa, ku ma da naku: kafin a fara ƙirga tumuni da sudusi, a tambaya ko akwai makami a gidan. Kai kuma mai karatu, yau ɗin nan ka duƙa ka leƙa ƙarƙashin gadon tsohonka, kafin yaro ya riga ka.