Ɗakin kwamfutoci a wata kwaleji tsakanin Fagge da Sabon Gari

Kwalejin mai zaman kanta ce, bene hawa biyu a wani layi da ya taso daga Fagge ya nufi Sabon Gari, inda ƙarar adaidaita sahu da ta janaretocin masu shaguna ba ta yankewa daga hantsi har isha'i. Ɗalibanta 'ya'yan 'yan Kantin Kwari ne da na masu shaguna a France Road, Hausawa da Ibo da Yarabawa a aji ɗaya. A hawa na sama akwai laburare, a ƙuryarsa kuma ɗakin kwamfutoci. Ɗaliban shekarar farko suna shiga don darasin amfani da laburare dole ne a kansu. Malamai ne ba a cika gani ba.

Kuma su ne suka fi bukata. A jami'a ko kwalejin ilimi ko ta fasaha, malami ba ya samun ƙarin girma sai ya wallafa bincike a mujalla. To sai saƙo ya shigo masa ta WhatsApp: ga wata mujalla ta ƙasa da ƙasa, ka biya kuɗi, cikin mako biyu takardarka ta fito. Babu masanin da zai duba aikin, babu gyara. Wani ma'aikacin laburare a Jami'ar Colorado ta Amurka, Jeffrey Beall, ya shafe shekaru yana tattara sunayen irin waɗannan mujallu na bogi har ya rufe jerin a Janairun 2017, amma kasuwarsu ba ta mutu ba. Malamin da ya yi watanni yana bincike, ya cire kuɗi daga albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata, ya zuba aikinsa inda ba mai karantawa, wannan abin tausayi ne ƙwarai.

Alhali ingantattun rumbunan mujallu suna nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe Hinari a 2002 domin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu mujallun likitanci, AGORA ta fannin noma ta biyo a 2003. AJOL tana tara mujallun Afirka tun 1998, DOAJ kuma tana jera mujallun da aka tantance waɗanda karanta su kyauta ne. Da yawa daga malaman nan ba su taɓa buɗe ko ɗaya ba; Google kawai suka sani, abin da ya fito a sama shi ne hujja.

Shugabar laburaren, wadda kowa ke kira Hajiya, ta fara da taron bita kamar yadda aka saba. An zo, an sa hannu a takarda, an watse. Daga baya ta gane inda gizo ke saƙa. Dattijon da ya koyar shekara ashirin ba zai ɗaga hannu a gaban yaron da ya taɓa zama ɗalibinsa ya ce bai iya nemo maƙala ba. Sai ta bar taro. Yanzu bayan azahar take gayyatar malami shi kaɗai, ta ce, "Malam, kawo takardar da kake rubutawa mu duba tare." A kan aikinsa take nuna masa yadda ake taƙaita kalmomin nema, yadda ake duba sunan mujalla a DOAJ, yadda ake bin sunayen editocinta a ga ko da gaske suna jami'o'in da aka ce, da yadda ake ajiye madogara tun lokacin karatu.

Hujjar da ta fi shiga kunnuwansu daga ilimin hadisi take ɗauko ta. Mutumin Kano da ya zauna gaban malamin zaure ya san ba a karɓar ruwaya sai an tambayi isnadinta: wa ya faɗa, daga wa ya ji, amintacce ne? Tambayoyin nan su ne ake yi wa maƙala. Da ta faɗi haka, sai ka ga dattijo ya gyara zama, don ya ji abu ne da ya riga ya sani, wurin aiki da shi ne sabo.

Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022 lamarin ya ƙara tsanani. Ɗalibi kan kawo kundin kammala karatu da madogarai tsaf, sunan marubuci da shekara da shafi, amma littafin babu shi a duniya. Mai dubawar da bai iya bincikawa ba, sai ya sa hannu, ƙarya ta shiga laburare da murfi mai kyau.

Wahalhalun ba ɓoyayyu ba ne. Wuta na ɗaukewa, man janareta ya yi tsada, sau da yawa da datar wayarta Hajiya ke aiki. Asusun TETFund, wanda dokarsa ta 2011 ta keɓe wa manyan makarantun gwamnati, ba ya waiwayar kwaleji irin wannan. Ko a inda yake kaiwa, a ganina an fi zumuɗin gini da sayen kwamfutoci a kan zama da malami a koya masa.

Abin da take nema yanzu a wurin hukumar makarantar ƙarami ne: kafin kwamitin ƙarin girma ya zauna, a turo mata sunayen mujallun da malamai suka gabatar ta tantance. Wasu malaman sun ƙi, don suna da takardu a irin waɗancan mujallu. Matasan cikinsu suna goyon baya, kuma maganar tana gaban shugaban kwalejin.