Agogon auna bugun zuciya da ruwa: ina gaskiya, ina zancen kasuwa?

Agogon da ke auna bugun zuciya ya fara yawa a hannun samari, daga masu gudun sassafe a Sokode har 'yan ƙwallon Tchamba da ke burin sa rigar Koroki, ƙungiyar da ta lashe gasar Togo a 2018. Mai saye tambaya ɗaya yake yi: "Alhaji, ruwa na shigarsa?" Amsar kuwa a shirye take: "Haba ƙanena, ko kogin Mono ka jefa shi, lafiya lau zai fito." Wani ɓangare na zancen nan gaskiya ne, wani kuwa shi ke janyo wa mutane asarar kuɗin da suka sha wahala kafin su tara.

A fara da wanda ya fi yaɗuwa, cewa agogon da aka rubuta mita 30 a bayansa za a iya nutsewa da shi zurfin mita 30. Ba haka ba ne. Wannan adadi daga ɗakin gwaji ya fito, inda ake sa sabon agogo cikin ruwa mai tsabta, wanda ba ya motsi, a matsa masa nauyi na ɗan lokaci. A agogon hannu, mita 30, ko 3 ATM, na nufin yayyafi, gumi da wankin hannu kawai. Sai a mita 50, wato 5 ATM, ake fara maganar iyo a ruwa marar zurfi. Kamfanin Apple, wanda tun 2016 yake ba yawancin agogunansa matsayin mita 50, shi da kansa ya ce kada a yi nutso mai zurfi da irinsu, kuma a guji ruwa mai bugu da ƙarfi.

Akwai kuma alamar IP da ake gani a kwalayen agogo masu araha. Lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. Idan an ga IP67, shidan na cewa ƙura ba ta shiga, abin da mutumin Dapaong zai yaba idan hunturu ya turnuƙe gari. Bakwan kuma na cewa zai jure zurfin mita 1 na minti 30. IP68 ya ɗara haka, amma kamfani ne ke faɗin iyakarsa. Ko ɗaya cikinsu ba izinin iyo ba ne. Abin da ya fi damuna shi ne, a kan agogon jabu ana buga waɗannan lambobin ba tare da wani gwaji ba, kuma mai shago sau da yawa abin da ke jikin kwali kawai yake maimaitawa.

Masu cewa a cire agogo lokacin alwala don kada ya lalace, sun wuce gona da iri idan agogon na gaske ne, domin ruwan buta bai kai ya cutar da shi ba. Dalilin motsa shi ko cire shi daban ne: ruwa ya kai ga fatar da ke ƙarƙashinsa. Wanka da shi ne abin gudu. Ƙananan zobban roba da manne ne ke tare ruwa, sabulu da ruwan zafi da turare kuma suna cinye su sannu a hankali. Haka zafin rana, in an saba barinsa kan kujerar babur a watan Maris. Don haka zancen cewa kariyar ba ta dawwama gaskiya ne. Agogon da ya jure daminar bara zai iya shan ruwa a ta bana, musamman in ya taɓa faɗuwa ko mai gyara ya taɓa buɗe shi.

Inda aka fi rikicewa shi ne ɗaukar cewa agogon da ba ya shan ruwa dole yana auna zuciya daidai a cikin ruwa. Abubuwa biyu ne mabambanta, kuma wasan tuƙa ƙaramin kwalekwale na kayak ya fi komai nuna hakan. Wasan ba baƙo ba ne ga 'yan Togo, tunda da shi Benjamin Boukpeti ya samo wa ƙasar lambar Olamfik ta farko, ta tagulla, a Beijing a 2008. Agogon hannu yana haska koren haske cikin fata, ya ƙirga bugu daga yadda jini ke kai da komo. Mai tuƙi kuwa ya damƙe filafili da ƙarfi, wuyan hannunsa na lanƙwasa a kowane ja, ruwa na kutsawa tsakanin agogo da fata, in da sanyi kuma jijiyoyin fata su tsuke. Sai ka ga mutum yana haki, agogonsa na nuna 90 kamar yana zaune a inuwa. Bai lalace ba, ganin jinin ne ya gagare shi.

Ɗamarar ƙirji mai auna bugun zuciya ba ta da wannan matsalar, domin ita siginar lantarkin zuciya take ɗauka kai tsaye. A nan ne wata jita-jitar ke faɗuwa, ta cewa gumi na kashe ta. Danshi ma take so. Umarninta ya ce a jiƙa wurin da ke taɓa fata kafin a ɗaura. Tsoron cewa za ta ja mutum da wuta a cikin ruwa shi ma ba shi da tushe, don ɗan batir ne mai kama da maɓalli a cikinta, mai ƙarfin bolt 3. Rauninta na wani wuri ne: Bluetooth ba ya ratsa ruwa. Muddin mai kwalekwale na zaune ƙirjinsa a sama, saƙo na isa agogo. Da ya kife ko ya shiga iyo, sai ya yanke. Shi ya sa ɗamaru irin su Polar H10 da HRM-Swim na Garmin suke iya ajiye bayanan a cikinsu har a fito. Wanda ya sauya mata batir ya duba zoben robar murfin ya zauna daidai, don ta nan ruwa ya fi shiga.

Idan ruwa ya riga ya shiga, shawarar da kowa ke bayarwa ita ce a binne shi cikin shinkafa. Shinkafa ba ta zuƙo ruwan da ke can ciki, garinta ma toshe ramuka yake yi. A kashe shi in zai yiwu, a shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa, kada a sa shi caji sai ya bushe sarai. Wanda kuma ya shiga kogin Mono ko na Oti da damina, lokacin da ruwan ya yi jajir da laka, ya ɗauraye agogonsa da ruwa mai tsabta da ya fito, kuma kada ya danna maɓallansa yana cikin ruwa.