Gumba da Guntun Kasko

Ranar da na je Lambara gaisuwar rasuwa, ɗan ƙanwata ya miƙo mani waya ya ce, "Kawu, nemo mani kyandir ɗin da ya rage." Wasa ne irin na laluben abin da aka ɓoye cikin hoto, an ɗora shi kan bikin matattu na ƙasar Meziko, wanda ake yi ran 1 da 2 ga Nuwamba. A can sukan kafa teburi a ɗaka su jera hoton mamaci da kyandirori da furanni ruwan ɗorawa da ƙoƙon kai na sukari, har da abincin da yake so yana raye, wai yakan dawo ziyara a daren. Ban ga kyandir ɗin ba. Hankalina ya tafi ga mai zanen da za a ce ya yi irin wannan da makabartarmu. Me zai ɓoye?

Kabarinmu tudun ƙasa ne kawai, da ƙaya a kai don kada dabba ta tone, sai guntun kasko ko dutse wajen kai. Damina biyu uku kabari ya kwanta, wanda bai halarci jana'iza ba sai an nuna masa. Ita jana'izar gaggawa ake yi. Wanda ya cika da hantsi, kafin la'asar an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an yi kabbara huɗu babu ruku'u babu sujada, an ɗauki makara. Kafin a watse akan tambaya ko akwai mai bin sa bashi. Ko Shehu Shagari, da ya mulki Najeriya daga 1979 zuwa 1983, da ya rasu a Abuja ran 28 ga Disamba 2018, washegari aka rufe shi a garinsu Shagari, cikin farin ƙyalle irin na kowa.

Abin kallon yana gida. Maza na ƙofar gida kan tabarmi, mata na ciki. Mai zuwa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, a shafa Fatiha, ya ce, "Ya haƙuri? Allah shi gafarta mai." A amsa da amin, ya ɗan zauna shiru, ya tashi wani ya maye gurbinsa. Maƙwabta ke aiko da kwanonin tuwo, don bai dace masu makoki su yi ta fama da murhu ba. Ran uku sai ka ji lugude ya tashi: an jiƙa gero, an surfe, an daka shi lilis da ɗan sukari, an mulmula gumba. Yara da almajirai su yi dafifi, kowa ya samu dunƙule a tafin hannu. Wani gida masa ake toyawa. Mutumin Meziko yana ajiye wa mamaci abinci. Mu rayayye muke ba, mu roƙi Allah ya kai ladan kabari.

Ba kowa ya yarda da ƙidayar uku da bakwai da arba'in ba. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 gardamar ta ƙara zafi, yau a zuri'a ɗaya wani ya daka gumba, wani ya ce bidi'a ce. Ni dai ban taɓa ganin an yi musu kan takaba ba: wata huɗu da kwana goma, ba kwalli ba lalle ba turare. Tsofaffi har 'yar wuƙa sukan ba mai takaba ta riƙe.

Inda kabari ke da suna shi ne na manyan jihadi. Shehu Usmanu ya zauna Sifawa, nan ƙasar Boɗinga, kafin ya koma Sakkwato ya rasu a 1817. Hubbarensa har gobe ba ya rabuwa da masu ziyara, maza da mata, kuma nan kusa da shi 'yarsa Nana Asma'u take kwance, wadda ta yi wa nata mamatan marsiyya da alƙalami. Kabarin Sarkin Musulmi Bello yana Wurno, na Abdullahi ƙanen Shehu yana Gwandu.

Talaka kuwa, sunansa ake ɗaukewa daga kabari a maido shi cikin gida. Yaron nan mai waya sunan mahaifinmu ya ci, shi ya sa uwarsa ba ta taɓa furta sunan ba tun ranar da aka raɗa masa. Muna nan zaune ta leƙo daga zaure ta ce, "Abba, ba kawunka wayar nan, zo ka kai gumba masallaci."