Aikin kula da sito: sana'a ce mai neman masu ilimi

Ƴan uwa manoma, kowa ya san halin hatsi a ƙasarmu. Da kaka yana araha, ko'ina buhuna. Da damana ta tsaya, rumbu ya yi ƙasa, sai kuɗinsa ya hau. Abin da manomi ya sayar a Oktoba, shi yake saye da tsada a Yuli. A shekarar 2005 jihar Maraɗi ta ga wannan da idonta: akwai hatsi a kasuwa, amma talaka ba ya iya saye, yara da yawa suka kamu da tamowa.

Don rage wannan wahala ne ake kafa bankunan hatsi a garuruwa. Gwamnati ma tana da ma'aikatar OPVN, wadda aka kafa a 1970 domin ajiye abinci. Amma sito ba ya tsare kansa. Yana buƙatar mutumin da ya iya aikin.

Mene ne aikin mai kula da sito?

Na farko, ya ƙiyasta abin da jama'a za su buƙata tun buƙatar ba ta zo ba. Ga misali. A ce gari yana da gida 40 da abincinsu ke ƙarewa a farkon Yuni. Kowane gida yana cin tiya 2 a yini. Daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta kwana 90 ne ko kusa da haka. Gida 40 sau tiya 2, tiya 80 ke nan a yini. Tiya 80 sau kwana 90, tiya 7.200 ke nan. Buhu mai kilo 100 yana ɗaukar wajen tiya 40. Ashe garin yana buƙatar buhu 180.

Na biyu, ya san lokacin saye. Ya saurari farashin kasuwanni a rediyo, ya tambayi na Maraɗi da na Tibiri, har da na Jibiya da Dawanau a Najeriya, domin kasuwanninmu a haɗe suke. Ya sa kuɗin mota ko amalanke da na ƴan dako cikin lissafi.

Na uku, ya iya ajiya. Ba a ɗora buhu a ƙasa, sai bisa katako, nesa da bango. Abin da ya fara shiga shi ke fara fita. Wake kuma a zuba shi cikin buhu mai ruɓi uku, irin PICS, wanda aka fara yaɗawa a 2007. Idan an ɗaure shi sosai, ƙwari suna mutuwa don rashin iska, ba sai an sa magani ba.

Na huɗu, ya rubuta kome: ranar, abin da ya shiga, abin da ya fita, da saura. Ƙarshen kowane wata a ƙirga buhuna a gaban kwamiti, a gwada da littafi.

Na taɓa ziyartar wani gari inda bankin hatsi ya mutu cikin shekara biyu. Ba sata aka yi ba. An ba da bashi da baki, ba wanda ya rubuta. Da kaka ta zo, aka rasa wa ya ci, nawa ya ci. Zumunci ya ɓaci, sito ya zama ɗakin awaki.

Ba hatsi kaɗai ba

A fadamar Jiratawa, masu noman rani suna buƙatar iri da takin zamani a kan kari. Takin da ya iso bayan shuka ta girma, asarar kuɗi ne. Haka ma a asibiti. Zazzaɓin cizon sauro yana yawaita daga Agusta zuwa Oktoba. Mai kula da magani tilas ya aika buƙatarsa tun ruwa bai sauka ba, ya kuma duba ranar lalacewar kowane magani. Manyan ƴan kasuwar Maraɗi ma suna neman amintaccen mai rubuta kayan da ke shiga da fita.

Wane ilimi ake buƙata?

Matakin farko yana hannunku: karatu, rubutu, da lissafi huɗu, wato tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa. Wanda ya samu takardar yaƙi da jahilci zai iya riƙe littafin sito idan malaman gona sun ƙara masa horo. Mata ma suna iyawa. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a jihar Maraɗi a 1991, sun nuna mata sun iya riƙon asusu.

Ƴaƴanku kuwa suna iya wuce nan. Akwai makarantar koyon aikin raya karkara ta Kollo, akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a nan Maraɗi. Kamfanoni da ƙungiyoyin agaji suna ɗaukar masu takardar lissafin kuɗi da ta tsarin jigilar kaya, waɗanda suka iya kwamfuta.

Amma takarda ba ta isa sai da amana. Idan za ku zaɓi mai kula da sito, kada ku duba ɗan wane ne. Ku ba shi alƙalami ya yi lissafin da ke sama a gabanku. Ku ma ku gwada da gidajen garinku kafin kaka ta zo, ku kawo amsa aji.