Takobi Shida: Labarin Isaka Isaka da Kuɗin Kokowa



A wannan wata za mu yi magana bisa kokowa da kuɗin da ke cikinta. Dalili kuwa shi ne samari da yawa a karkararmu sun sa ido ga takobi. Yaro ya ji a rediyo an ba sarkin kokowa miliyoyi da doki, sai ya dubi garkar ubansa ko garken awaki, ya ga kamar wahalar banza yake yi. To, bari mu ɗauki mutum guda wanda kowa ya san sunansa, mu bi sawunsa, mu ga abin da kokowa ta ba shi da abin da take ba sauran.

MAFARIN TAKOBI

Kokowa ta girmi kowa a cikinmu. Tun kaka da kakanni, in an gama girbi hatsi ya shiga rumbu, sai samarin wannan gari su je su gwada ƙarfi da na wancan gari. Abin da ake samu a lokacin bai wuce goro da suna ba, sai ko budurwa ta ji labarinka.

A shekarar 1975, zamanin shugaba Seyni Kunce, gwamnati ta tara ƴan kokowar ƙasa duka a Tawa. Nan aka fara kokowar takobi. Yakuba Kantu na Maraɗi shi ya fara ɗaukarsa. Bayansa aka yi manya irin su Salma Ɗan Rani na Doso. Yau filin kokowar Maraɗi sunan Kantu gare shi, na Doso kuma sunan Salma. Mu ma nan Agadas ba a bar mu baya ba, don Laminu Mai Daba ya ɗauko mana takobi, kuma mutanen gari ba su manta murnar da aka yi ba.

Ga yadda tsarin yake. Jihohi takwas gare mu: Agadas, Damagaram, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi da Yamai. Kowace jiha tana kawo mutum 10. Ke nan mutum 80 ke shiga fili. Ana yin wajen kwana goma ana karawa. Wanda aka kayar sau ɗaya, shi da takobi sai baɗi, ko da zai ci gaba da kokowa don jiharsa. Haka ake ta tankaɗe har a rage mutum biyu, sa'an nan guda ɗaya. Ku riƙe wannan lissafi: 80 suka shiga, 1 ya fita da takobi.

ƊAN DOSO A AGADAS

Sunansa na yanka Kadiri Abdu, amma duniya ta san shi da Isaka Isaka. Jihar Doso yake yi wa kokowa. Mu mutanen Agadas muna da abin faɗi a cikin labarinsa, don a filinmu ya fara ɗaukar takobi, a shekarar 2015. Da shekara ta kewayo aka yi wasa a Doso, ya kare takobinsa a gaban mutanensa.

Bayan haka abin bai zo masa da sauƙi kullum ba. An yi shekarun da wasu suka ɗauka, irin su Yakuba Adamu na Yamai da Tasi'u Sani na Damagaram. A tsakanin nan ya sami na uku. Sa'an nan ya jera uku ba hutu: na Yamai, na Difa, da na Agadas a ƙarshen watan Disamba na 2023, wanda shi ne karo na 44. Takobi shida ke nan. Tun 1975 ba wanda ya taɓa tara haka. Na farko a Agadas, na shida a Agadas.

Wanda ya kalle shi a fili ya san ba ƙarfin tsiya kaɗai yake aiki da shi ba. Yana da haƙuri. Yakan bar abokin karawa ya gaji da kansa, ya jira kuskure guda. Makiyayi ya san irin wannan: raƙumin da ya fi ruri ba lalle shi ne ke kai kaya Bilma ba.

INA KUƊIN KE FITOWA?

Ranar ƙarshe ana naɗa wa sarkin kokowa rawani, a sa masa babbar riga, a miƙa masa takobi, a ba shi doki da kayansa. Ana kuma ba shi kuɗi, waɗanda a ƴan shekarun nan suka kai miliyoyin sefa. Wannan shi ne abin da hukuma ta tanada.

Akwai kuma kari. Tun ana cikin wasa, gwamnoni da ƴan kasuwa da masu son mutum sukan aiko da kyauta, mai shela ya faɗa a lasifika: wane ya ba wane jika kaza. Muryar Sahel da Tele Sahel suna kai maganar har rugar da ke bayan Ingal. In sarki ya koma gida sai a tarbe shi, a ƙara masa. Bayan haka sunansa ya zama jari. Masu shirya kokowa a garuruwa, har cikin Nijeriya, sukan kira shi su biya shi, don sun san in an ce zai zo fili zai cika.

Mutum irin Isaka, da ya bi wannan hanya sau shida, ba shakka ya sami abin da manomi ba ya samu a gona. Wannan gaskiya ce, kuma da guminsa ya samu. Ba mu yi masa hassada.

Amma sauran 79 fa? Na biyu da na uku da na huɗu suna da rabonsu. Wanda ya yi kaye mai kyau yakan sami kari. Saura kuwa sukan koma gida da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wani ma da targaɗe ko ciwon kafaɗa. Su ma 80 ɗin zaɓaɓɓu ne. Kafin a fid da mutum 10 a jiha, an kayar da samari da yawa a ƙauyuka da gundumomi waɗanda rediyo bai taɓa kiran sunansu ba. Mu nan mun ga irin wannan a 2014, da zinariya ta bayyana a Jado. Dubbai suka tafi. Wanda ya dawo da mota kowa ya gan shi. Wanda ya dawo da bashi, da dare ya shigo gari.

INA SUKE TAFIYA?

Nan ne maganar take. Ɗan kokowa ba shi kaɗai ke shiga fili ba. Bayansa akwai malamin da ya yi masa addu'a da laya, akwai makaɗi da mawaƙin da suka zuga shi, akwai mai horar da shi, akwai yaran da ke ɗaukar masa kaya. Kowa yana jiran hakkinsa, kuma in ka hana, baɗi ka shiga fili kai kaɗai. Ga ciyar da jiki. Mai shirin takobi yana bukatar nama da madara da fura mai kyau wata da watanni, alhali a lokacin ba ya wani aiki mai kawo kuɗi.

Sa'an nan ga dangi da maroƙa. Da yake a lasifika aka faɗi kyautar, kowa ya san adadinta. Gwaggo ta sani, abokin wasa ya sani, mai bin bashi ya sani. Sarkin kokowa kuwa ba ya iya cewa babu. Sunan da ya kawo masa kuɗin, shi ne kuma ke buɗe masa aljihu.

Ga wani lissafi da za ku iya yi a ajinku da dare, bisa allo. Misali ne kawai. A ce mutum ya sami miliyan 10 a rana ɗaya, ba a taɓa ko dala ba. A ce ƙarfinsa ya ƙare, ya rayu shekara 30 bayan haka. Shekara 30 wata 360 ke nan. In an raba miliyan 10 gida 360, kowane wata bai cika jika 28 ba. Mai iyali ya faɗa mana ko jika 28 tana riƙe gida wata guda, da hatsi da magani da tufafin yara. Mai garkar albasa a Tabelot, in Allah ya ba shi ruwa da kasuwa, yana girbi bana, yana girbi baɗi, ya tsufa ya bar wa ɗansa rijiya da ƙasa. Ƙarfin ƙirji ba a barin gadonsa.

Don haka a ganina, abin da ya kamata a tambayi sarkin kokowa shi ne me ya mai da kuɗin tun yana da ƙarfi. In sun zama gona, ko shanu, ko gida, ko shago, sun zauna. In sun tsaya a aljihu, sun riga sun kama hanya.

YADDA ABIN YAKE A WASU ƘASASHE

A Senegal ma ana kokowa, amma tasu har da naushi. Can ƴan kasuwa ke shirya wasa, su yi takarda da ɗan kokowa tun kafin ranar. Manyansu, irin su Bala Gay na biyu da Modu Lo, an sha biyansu miliyan 100 na sefa ko fiye a karawa guda, ko sun yi kaye ko an kayar da su.

A Amurka kuwa akwai wani wasa da ya haɗa ƙwallo da kokowa. Ƙwallon dogo ne kamar gwanda, da hannu ake ɗaukarsa. Mutum 11 ke kowane gefe, suna sanye da hular kwano, suna ture juna suna kayarwa. A cikinsu akwai guda wanda shi ke ba da umurni, shi ke jefa ƙwallo ga abokansa. Kamar madugu yake a ayari. Mu kira shi mai jifa. Shi ya fi kowa albashi, kuma shi abokan gaba suka fi so su danne.

Wani mai jifa, Patrick Mahomes na garin Kansas, ya sa hannu a 2020 bisa takardar aikin shekara 10 a kan dala miliyan 450. Kada ku ruɗe, dalar Amurka ce, ba dalarmu ta tamma biyar ba. In an ƙiyasta kowace guda a sefa 600, kuɗin shekara ɗaya ya kai miliyan dubu 27. A rana ɗaya wajen miliyan 74 ke nan. Wani kuma, Tom Brady, da aka zo zaɓen sabbin ƴan wasa a shekarar 2000, sai da aka ɗauki mutum 198 kafin a waiwaye shi. Ya zo ya ci babban kofinsu sau 7, bai bar wasa ba sai 2023, yana da shekara 45.

To, amma can ma tankaɗen nan yana nan. Galibin ƴan wasan ba su wuce shekara uku zuwa huɗu ake sallamarsu. Gwamnati tana cire haraji mai nauyi, dillalin da ya nemo aikin yana cire nasa. Jiki kuma yana biya. Mai jifan da Mahomes ya gada a Kansas, Alex Smith, ya koma wata ƙungiya, aka danne shi a 2018 ƙafarsa ta karye. Sai da likitoci suka yi masa aiki sau 17, har an yi tsoron za a yanke ƙafar.

Abin da ya ja hankalina a tsarinsu ba yawan kuɗin ba ne. Abu biyu ne. Na ɗaya, kome a rubuce yake: nawa za a biya, yaushe, me zai faru in an ji ciwo. Na biyu, ƴan wasan suna da ƙungiya tasu, kuma wanda ya cika shekara uku yana wasa yana da fansho in ya tsufa. Wannan ba ya bukatar arzikin Amurka. Ƴan kokowarmu ma suna iya cewa mai shirya wasa ya rubuta abin da ya yi alkawari, a karanta a gaban shaidu kafin a ɗaura ɗamara. Suna iya yin asusu, kowane mai samu ya zuba kaɗan, don ranar da ɗayansu ya karye ko ya tsufa. Matan garuruwanmu sun daɗe suna adashi, ba su jira kowa ya koya musu ba. Sa wa fili sunan tsohon sarki girmamawa ce mai kyau, amma suna a bango ba ya sayen magani.

Uban da ɗansa ke son kokowa kada ya hana shi. Wasanmu ne, yana gina jiki, yana haɗa zumunci tsakanin Bahaushe da Bazabarme da Buzu da Bafillace da Babarbare. Sai dai ya yi ta yadda kakanni suka yi, bayan aiki ya kammala. Rijiyar garka da igiyar raƙumi su zauna a hannunsa.

Shi kansa Isaka, a watan Disamba na 2024 aka kai wasa gidansa Doso, a filin Salma Ɗan Rani, karo na 45. Ya bi ta kan duk wanda aka haɗa shi da shi har ya kai ranar ƙarshe, jama'arsa sun cika fili suna jiran na bakwai. Sai wani ɗan Yamai, Abba Ibrahim, ya kayar da shi. A waccan shekara takobi da doki Yamai suka tafi.